Yadda Ake Auna Nisan Matattarar Haske ta Gilashin Ƙara Girma

Ɗalibai daga Aboabo da Asawase a nan Kumasi sun sha tambayata yadda ake wannan gwaji a gida. Nisan matattarar haske shi ne tazarar da ke tsakanin gilashin da wurin da yake tattara hasken da ya fito daga nesa. Ga matakan.

1. A samo gilashin ƙara girman rubutu mai tudu a tsakiya, da farar takarda da rula.
2. A shiga ɗaki mai ɗan duhu da rana, a bar taga ɗaya a buɗe.
3. A manna takardar a bangon da ke fuskantar tagar.
4. A riƙe gilashin a tsaye gaban takardar.

Gargaɗi: Kada a kuskura a kalli rana ta cikin gilashin, domin yana iya lalata ido nan take.

5. A riƙa matsar da gilashin gaba da baya a hankali har hoton wata bishiya da ake hangowa can nesa ta tagar ya fito tar a kan takardar. Zai bayyana ƙarami, kansa a ƙasa, domin hasken saman bishiyar yana lanƙwasawa a cikin gilashin ya sauka ƙasan takardar. Lallai a zaɓi abu mai nisa, na kusa yana ɓata awo.
6. A auna tazarar tsakiyar gilashin zuwa takardar da santimita, ita ce nisan da ake nema.