Sabon zuwa Yamai, ga abin yi idan murya ta dishe

'Yan uwa da kuka sauka Yamai kwanan nan, hunturu na tafe, daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ce ba kama hannun yaro, ga sanyin asuba musamman wajen Harobanda kusa da kogi. Lokacin ne mutum zai tashi ya ji murya ta shaƙe, maƙogwaro na kaikayi, ga busasshen tari, ko sallama ba ta fita.

Kumburi ne daidai inda murya ke fitowa, galibi ƙwayar cutar mura ce ke kawo shi, kuma da kanshi yake lafawa cikin sati 1 zuwa 2. Don Allah kada ku tare mai tallan magani a kasuwar Katako ku ce ya ba ku amoksisilin, ba ya kashe irin wannan ƙwayar, asarar jaka ce kawai. Ku rage magana, har raɗa ku bari don ita ma tana gajiyar da maƙogwaron, ku yawaita ruwan ɗumi, zuma (amma ban da jaririn da bai cika shekara ba), farasitamol in akwai zazzaɓi, a ajiye taba da shisha. Ya wuce sati 3 bai sake ba, ku nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro, nan ORL suke ce mishi, akwai a babban asibitin ƙasa, Hôpital National.

Yara ne damuwata wallahi. Ɗana yana da shekara 2, ƙarfe biyun dare muka ji tari kamar haushin kare, in ya ja numfashi sai ka ji ƙiii, ramin wuyanshi na lotsawa ciki, maƙwabciya ta ce belu ne a jira wanzami da safe, ban saurare ta ba na tare taksi. A asibiti deksametazon suka ba shi, maganin rage kumburi, kafin gari ya waye numfashin ya daidaita. In kun ga haka, ko yawu na dalala yaro ya kasa haɗiya, ko leɓe ya canza launi, ku ce wa mai taksi "urgences" kawai, wato sashen gaggawa na asibiti. Farin abu a maƙogwaro da kumburin wuya kuma yana iya zama mashaƙo, ya ɓarke a jihar Damagaram a 2023, ku tafi da katin rigakafin yaro.

A nan asibiti "likita" ake ce mata, ƙaramar ta unguwa CSI, takardar magani ordonas. Tun da rana ku tambayi farmasin da ke gadi a satin, su ke kwana a buɗe.