Kurakuran da aka fi yi wajen gano tushen naitiret a ruwan rijiya

Idan gwaji ya nuna naitiret, wato wani sinadari mai ɗauke da naitirojin da oksijin, a ruwan rijiya ya haura miligiram 50 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, sai a shiga neman inda ya fito: takin zamani ne, masai ne, ko turken dabbobi? Ana auna aisotop na naitirojin-15 da oksijin-18, wato nau'in naitirojin da na oksijin da suka fi na yau da kullum nauyi, don samun amsa, amma a wurin fassara sakamakon ake yawan tuntuɓe.

Babban kuskure shi ne dogaro da naitirojin-15 kaɗai. Na takin zamani yakan tsaya kusa da sifili, tunda daga iska ake haɗa shi, kuma da naitirojin na iska ake kwatanta awon, na bayan gida da kashin dabbobi kuwa yakan kai +10 zuwa +20 cikin dubu. Sai mutum ya ga +14 ya yanke hukunci cewa masai ne. Alhali a ruwan da oksijin ya yi ƙaranci, bakteriya kan ci naitiret, su fara da mara nauyi su bar mai nauyi, har na taki ya koma kamar na masai. Don haka a auna oksijin-18 tare da shi. Idan duka biyun na hawa yayin da yawan naitiret ke sauka, aikin bakteriya ne. A kuma auna narkakken oksijin nan take a bakin rijiya.

Yuriya ma tana ruɗa mutane. Littattafai na nuna oksijin-18 na taki tsakanin +17 da +25, amma wannan na takin da ya zo da naitiret a buhunsa ne. Yuriya sai a cikin ƙasa take rikiɗa, ta ɗebi kashi biyu cikin uku na oksijin daga ruwa, sauran daga iska, sai lambar ta faɗo ƙasa. Wanda bai leƙa gonakin ya tambayi irin takin da ake zubawa ba, zai wanke manomi daga laifi ba bisa hujja ba.

Tsakanin masai da turke kuwa, waɗannan aisotop biyu ba sa rarrabewa, kada ma a wahalar da kai. Sai an haɗa da aisotop na wani sinadari da ake kira boron, ko a nemi ragowar kafeyin da magungunan da mutane ke sha.

Akwai kuma masu ɗauka cewa dole laifin taki ne ko masai. A kudu maso yammacin Nijar, kusa da Yamai, bincike ya danganta naitiret ɗin wasu rijiyoyi da sare daji: naitirojin da ya daɗe a ƙasa ne ya gangara cikin ruwa bayan an share itatuwa.

Samfurin ruwan kansa a tace shi a wurin, a sa cikin ƙanƙara, a daskarar idan ɗakin gwaji na da nisa. Kwalbar da ta wuni a bayan mota cikin zafin bazara ta riga ta sauya. A ɗebo da rani, a sake ɗebowa da damina.