Yadda Ake Zaɓen Kayan Cin Abincin Da Za Su Sa Yara Ɗokin Zama A Ci Tare

Duk wanda ya taɓa zama da ɗan shekara biyu a gaban faranti ya san yadda ake kwashewa: ya rufe baki gam, ya kau da kai, ko ya ɗauki cokali ya yi jifa da shi. Nan da nan sai iyaye su ɗora laifin a kan girki. Sau da yawa kuwa girkin ba ruwansa. Cokalin ne ya fi ƙarfin bakin yaron, ƙafafunsa suna reto a iska, farantin kuma yana gudu duk lokacin da ya kai hannu. Ko babba aka miƙa wa shebur aka ce ya ci abinci da shi a kan kujerar da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, da wuya ya yi minti biyar bai tashi ba.

Hoton zomo a gindin kwano yana burge yaro kwana biyu ko uku, daga nan ya zama tsohon yayi. Abin da ba ya gundurarsa shi ne ya ga ya yi abu da kansa. To da wannan ma'aunin za ku auna duk abin da za ku saya.

Mataki na farko: ku gyara masa wurin zama

Kafin faranti, kujera. Yaro ya zauna bayansa a miƙe, gwiwoyinsa a lanƙwashe, tafin ƙafarsa a kan wani abu mai tauri, tebur kuma daidai tsakanin cikinsa da ƙirjinsa. Wanda ƙafarsa ke lilo rabin ƙarfinsa wajen riƙe jiki yake tafiya, shi ya sa yake ta mutsu-mutsu. Wannan tunanin ne ya sa Peter Opsvik, wani mai zana kayan ɗaki a ƙasar Norwe, ya ƙera kujerar Tripp Trapp a 1972, wadda ake ɗaga mazauninta da matakin ƙafarta gwargwadon girman yaro. Ba dole sai ita ba. Akwati mai ƙarfi a ƙarƙashin ƙafa ma ya wadatar. Ku dai matso da shi cikin mutane, domin yaro da kallo yake koyon ci.

Mataki na biyu: faranti

Ku nemi ƙarami mai ɗan zurfi, wanda gefensa ya tashi, yadda cokali zai sami abin tokara ya ɗebo. Ga wanda bai kai shekara biyu ba, akwai mai roba a ƙasa da ke manne wa tebur. Yana rage ɓari sosai, ko da yake kada ku sa rai da yawa: akwai ranar da zai gano inda ake ɓamɓare shi, kuma a wurinsa ranar murna ce.

Faranti mai gida-gida, uku ko huɗu, yana da amfani biyu. Yara da yawa tsakanin shekara 2 zuwa 6 suna ƙyamar sabon abinci, wasu ba sa ma son wannan ya taɓa wancan, to rabewar tana kwantar musu da hankali. Sannan tana tuna wa mai zubawa ya kawo abu iri-iri. Tsarin MyPlate da ma'aikatar noma ta Amurka ta fitar a 2011 ya ce rabin faranti ya zama kayan lambu da 'ya'yan itatuwa. Dabarar ita ce ku cika gida biyu da abin da ya saba, a na ukun ku sa ɗan mitsitsin sabon abu. Amma ni ban goyi bayan a dawwama a kansa ba. Wata rana ku kawo faranti na kowa da kowa, don kada ya tashi yana ganin haɗuwar abinci laifi ce.

Kada ku tula. Cikin yaro bai wuce girman dunƙulen hannunsa da yawa ba, kuma tulin abinci tsorata shi yake yi. Gara ya cinye ya ce a ƙara.

Mataki na uku: cokali da kofi

Cokali mai gajeren mariƙi mai kauri, bakinsa ba zurfi sosai. Cokali mai yatsu kuma wanda yatsunsa ba su da tsini. Idan kuna ba shi a baki, ku miƙa masa nasa ya riƙe, ku riƙe naku. Rigimar ƙwace cokali ta ƙare ke nan.

Kofi kuwa, tun daga wata shida, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ba jariri abinci tare da nono, ana iya fara koya masa kurɓa daga ƙaramin buɗaɗɗen kofi. Ruwa kaɗan za ku zuba, kamar kurɓi biyu. Zai zubar, ba shakka. Ku shimfiɗa leda ko tsohon zane a ƙarƙashin kujera, ku ɗaura masa ƙyallen wuya mai aljihu, ku bar shi.

Mataki na huɗu: ku duba da me aka yi shi

Nan ne ya kamata a tsaya, domin kayan da suka fi ƙyalli ba lalle su ne suka fi aminci ba. Farantan yara masu zane da yawa da melamin ake yin su, wato wata irin roba mai tauri. Ba ya fashewa da wuri, yana da kyau ga abinci mai sanyi ko ɗumi, amma ba a sa shi cikin na'urar ɗumama abinci, saboda zafi mai yawa yana sa sinadarinsa ya riƙa shiga abincin. Wasu kofunan da ake tallata su a matsayin na itacen gora ma melamin ne aka cuɗa da garin gora, don haka hukuncinsu ɗaya.

Ku juya kwanon roba ku duba lambar da ke cikin 'yar alama mai kusurwa uku. A 2018 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye su guji masu lamba 3 da 6 da 7, su kuma daina ɗumama abinci a cikin roba. Sinadarin BPA da ake haɗa wasu robobi da shi kuwa, Tarayyar Turai ta hana shi a kwalaben shayar da jarirai a 2011, Amurka ta biyo baya a 2012. Duk robar da ta karce ko ta tsage, ta gama aiki.

Ƙarfen da ba ya tsatsa shi ne zaɓina: ba ya fashewa, ba ya riƙe wari, ƙani ma zai gaje shi. Silikon na abinci, mai kama da roba, yana da laushi ga dasashi, sai dai yakan riƙe ƙanshin sabulu idan ba a ɗauraye shi sosai ba. Tsohon tangaran mai fenti wanda ba ku san asalinsa ba, ku bar shi a matsayin ado, don wasu irin fentin suna ɗauke da gubar dalma.

Mataki na biyar: ɗan wasa da siffa

Ƙarfen fitar da siffar biskit, mai tauraro ko kifi ko zuciya, yana aiki a kan burodi, wainar ƙwai da yankan kankana. Tiren gasa ƙananan kek mai ramuka shida kuwa, ku sa abu daban a kowane rami, sai ya zama kamar yaro ya buɗe shago. Ɗan ƙaramin kwano na tsoma abu a ciki shi ma yana jan hankali, domin yara suna son dangwale.

Sai dai a kula. Tsinke mai ado da ƙananan kayan ƙawa ba na 'yan ƙasa da shekara huɗu ba ne. Inabi da ƙananan tumatir a tsaga su ta tsawo gida huɗu, ɗanyen karas a gurza ko a dafa ya yi laushi, kuma kada a bar yaro yana ci ba babba a kusa. Sannan ba kullum ake ado ba. Wanda ya saba sai an yi masa tauraro, ranar da kuka gaji za ku ji a jikinku.

Mataki na shida: ku ba shi aiki

Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, ta sa an yi wa yara kujeru da tebura daidai tsayinsu, ta bar su suna zuba ruwa, suna shirya tebur da kansu. Ku ari wannan. Ku ware masa durowa ta ƙasa inda farantinsa da kofinsa suke, ya riƙa ɗaukowa. Ku sama masa 'yar rigar girki, ƙaramin jug da zai iya ɗagawa, da wuƙar roba mai haƙora wadda take yanka ayaba amma ba ta yanka yatsa. Ɗan shekara biyu zai iya wanke kayan lambu ya yayyaga ganye, ɗan huɗu ya kaɗa ƙwai ya jera cokula. A kan takarda mai kauri ku zana masa wurin faranti da na kofi da na cokali, ya yi mata kala da kansa, ku rufe ta da leda, ta zama shimfiɗar farantinsa. Abin da hannunsa ya taɓa, da wuya bakinsa ya ƙi ɗanɗanawa.

Mataki na bakwai: ku ajiye a tsakiya, ku ja baki ku yi shiru

Ku zuba abinci a kwanoni a tsakiyar tebur, da ƙaramin ludayi ko ɗan matsefin ɗauka, kowa ya ɗiba. Masaniyar abinci Ellyn Satter ta raba aikin gida biyu: iyaye ne ke zaɓen abin da za a ci da lokaci da wuri, yaro kuma shi ke da ikon ko zai ci da kuma yawan da zai ci. Ba magiya, ba alƙawarin alewa, ba waya ko talabijin a gabansa. Sabon abinci kan ɗauki sau goma zuwa 15 ana kawo shi kafin yaro ya karɓa, don haka ƙin yau ba hukunci ba ne. Bayan kamar minti 20, idan ya fara wasa da ragowar, ku ce ya ɗauki farantinsa ya kai wurin wanke-wanke, ku kuma ba shi tsumma ya goge gabansa.