Yadda za ku ɗanɗana gahawa iri-iri da abokai ku gane bambancinsu

Wanda ya sha gahawar Habasha yau, ya sha ta Brazil jibi, da wuya ya faɗi inda suka bambanta, domin harshe ba ya riƙe ɗanɗano na kwanaki. Sai an jera su a tebur guda, an haɗa su da ruwa ɗaya, awo ɗaya, a lokaci ɗaya, sannan bambancin ke fitowa fili. Sharaɗin aikin ke nan: komai ya zama daidai, ƙwayar gahawar kaɗai za ta bambanta.

Ku nemi iri uku ko huɗu. Idan suka wuce biyar harshe kan gaji, na ƙarshen duk su zama ɗaya a baki. A zaman farko ku zaɓi waɗanda suka yi nisa da juna. Gahawar Habasha da aka wanke kafin a shanya ta kan zo da ƙamshin fure da ɗan tsamin lemo, ta Kenya tsaminta ya fi kaifi, ta Brazil kuwa gardi ne da ita irin na cakulan, ta Sumatra kuma tana da kauri a baki da ƙamshi mai kama da na ƙasa. Ku sayi ƙwaya, kada ku sayi gari, kuma suyarsu ta zo kusa da juna. Idan aka haɗa wadda aka soya ta yi baƙi da mai sassauƙar suya, wuta za ku ɗanɗana, ba ƙwaya ba.

Kayan aiki: kofuna masu girma ɗaya, biyu ga kowane iri, sikeli mai auna giram, injin niƙa, agogo, cokali mai zurfi ga kowa, kofin ruwan zafi na ɗauraye cokula, kofin tofarwa, da takarda da biro. Mutum ɗaya ya rubuta sunan kowace gahawa a ƙarƙashin kofinta, ya jujjuya jerin, domin suna da kyawun leda suna rinjayar baki fiye da yadda ake zato.

Awon da masu sana'ar ke bi shi ne giram 8.25 ga ruwa mililita 150, wato giram 11 ga kofi mai cin mililita 200. A auna na kowane kofi daban, a niƙa shi daban, ya fito tsaki-tsaki, kada ya yi laushi kamar fulawa. Kafin a shiga sabon iri a niƙa 'yan ƙwayoyinsa a zubar, don su share ragowar na baya daga injin. Kada garin ya wuce minti 15 a ajiye. A wannan tsakanin kowa ya sansana busasshen garin ya rubuta abin da hancinsa ya ji.

Ruwa ya zama tatacce marar warin sinadari. A tafasa shi, a sauke, a bar shi kamar minti ɗaya ya sauko wajen digiri 93. A zuba har bakin kofi yadda duk garin zai jiƙe, a kunna agogo, kada a motsa. Garin zai taso ya yi ɓawo a sama. Da an cika minti 4, mutum ɗaya ya kusantar da hancinsa, ya tura ɓawon baya da cokali sau uku. Ƙamshin da ke tashi a nan ya fi na kowane lokaci ƙarfi, kuma ba ya jimawa, saboda haka a raba kofunan kowa ya samu wanda zai fasa. Daga nan a kwashe kumfa da garin da ke yawo da cokula biyu, a ɗauraye su kafin a taɓa kofi na gaba.

A jira zuwa minti 10 ko 12 ta huce. A ɗebi rabin cokali a zuƙe shi da ƙarfi har ya yi ƙara. Zuƙar ce ke watsa gahawar ko'ina a baki ta kai ƙamshinta bayan hanci. A lura da tsami, zaƙi, ɗaci, kaurinta a kan harshe, da abin da ya rage bayan an tofar. Tofarwar na da amfani, domin kofi takwas sun isa su hana mutum barci. A zagaya sau uku, da zafinta, da ɗuminta, da kuma bayan ta yi sanyi. Gahawa mai kyau zaƙinta kan ƙara fitowa idan ta huce, mai aibi kuwa a nan asirinta ke tonuwa.

Kada kowa ya yi magana sai an gama rubutu. Da mutum ɗaya ya ce ya ji lemo, sauran ma lemo za su ji. Ba a sa sukari ko madara, kuma a guji turare, taba da abinci mai yaji kafin zaman.

Idan duk kofunan sun fito da tsami kuma salam, niƙan ya yi girma ko ruwan ya huce da yawa. Idan duk sun yi ɗaci da bauri, niƙan ya yi laushi. Ɗanɗano irin na kwali alama ce ta ƙwayar da ta daɗe da suya. Idan kuma kofi ɗaya ya saɓa wa ɗan'uwansa alhali iri ɗaya ne, galibi lalatacciyar ƙwaya ce ta faɗa ciki, dalilin yin kofi biyu ke nan. Sai kowa ya karanta abin da ya rubuta sannan a ɗaga kofunan a duba sunayen.