Darasi na 9: Gurbin Dole da Gurbin Ganin Dama

Mu ɗauki mai shagon atamfa a Babbar Kasuwar Katsina. Yana son manhajar da za ta riƙa fitar masa da rasit, ta kuma tura wa mai saye saƙo. Sunan mai saye dole ne, kuɗi ma haka. Lambar waya fa? Wata gwaggo za ta zo daga Batagarawa ba ta da waya, wani kuma yana da ita amma ba zai bayar ba. Kowane bayani a cikin ukun nan yana da gurbin da manhajar ke karɓarsa, kuma wannan gurbi na uku shi ne gurbin ganin dama.

A TypeScript, harshen rubuta manhaja da kamfanin Microsoft ya fitar a 2012, alamar tambaya ce ke nuna shi. Sai ka rubuta waya?: string. Wato ko dai rubutu ya zo, ko undefined, ma'ana ba a ba da komai ba. A bayan guraben dole yake zama.

Ga inda ake tuntuɓe. Ka rubuta waya.length don ka tabbata lambar ta cika 11. Ranar da aka bar gurbin fayau, manhajar za ta tsaya cak, ga gwaggo tsaye tana jiran rasit. Kwamfaila, wato manhajar da ke duba rubutunka kafin ya fara aiki, ba za ta ce uffan ba muddin ka bar ta sakaka.

Don haka ka matsa mata. Buɗe fayil ɗin tsconfig.json, inda ake saita kwamfaila, ka sa "strict": true. Wannan zai kunna wasu bincike-bincike, ciki har da strictNullChecks, mai duba ko gurbi zai iya zuwa fayau, wanda ya zo da TypeScript 2.0 a 2016. Nan take za ta nuna maka layin, ta ce mai yiwuwa babu komai a gurbin. Sabon ɗalibi kan ji kamar an takura masa. Ni kuwa na fi son a tsare ni a aji da a kira ni daga kasuwa.

Gyaran ba wuya. Ka fara tambaya da if ko waya ta zo, sannan ka ƙirga. Ko ka ba gurbin abin da zai riƙe in an bar shi, kamar waya = "babu". Akwai kuma alamar motsin rai da wasu ke liƙawa, waya!, don kwamfaila ta yi shiru. Don Allah ku guje ta a nan: bakinta kawai ta rufe, gurbin yana nan fayau.

Aikin gida: ƙara gurbin rangwame a rasit ɗin. Kwamfaila me za ta ce in ka cire shi daga kuɗi ba tare da dubawa ba?