Babi na Shida: Sanin Halin Teku Kafin a Sauka Gaɓa

Darasi na 1: Lambobi biyu

Wannan babi na masu neman abinci a bakin tekun Legas ne: masu doki a Elegushi da Oniru, masu talla, masu gadi, da samarinmu da suka fara bin masu hawan igiyar ruwa da allo a Tarkwa Bay. Yawancinmu a tudu muka tashi. Mun san hadari, amma teku baƙuwa ce a wurinmu. Wannan ba abin kunya ba ne, da sannu za mu koya.

Ɗauki wayarka. Buɗe shafin hasashen teku da muka buɗe tare a aji. Fara duba ranar da aka rubuta a sama: yau ce ko gobe? Sannan ka nemi lambobi biyu.

Ta farko tana da harafin m a bayanta. Wannan m mita take nufi, wato tsayin igiyar ruwa. Idan ka ga 1.5m, lura da ɗan ɗigon da ke tsakanin 1 da 5. Mita ɗaya da rabi ke nan, ba sha biyar ba. Tsayin ya kai kafaɗar babban mutum.

Ta biyu tana da harafin s a bayanta. Wannan s sakan take nufi, wato lokacin da ke tsakanin igiya ɗaya da mai bi mata. Nan ne kusan kowa yake tuntuɓe. Sai mutum ya karanta mai m, ya rufe waya. A'a, ɗan'uwa. Ɗora yatsanka a kan mai s, ka karanta ta da ƙarfi.

Idan lambar s ƙarama ce, kamar 6 ko 7, iskar kusa ce ta tayar da ruwan, ƙarfinsa da sauƙi. Idan ta kai 12 ko 14, igiyar daga nesa ta taso. Guguwa ce ta kaɗa ta can kudancin Atlantika, ta yi kwanaki tana tafe kafin ta iso Legas, kuma idan ta zo gaɓa sai ta miƙe ta faɗo da nauyi. An fi ganin irinta daga watan Mayu zuwa Satumba. Shi ya sa za ka ga gari garau, rana ta take, amma teku tana hauka.

Mu gwada. 1.5m da 7s. Sai kuma 1.5m da 14s. Tsayinsu ɗaya a rubuce. Wacce ta fi haɗari? Ta biyu. Me ya nuna maka? Lambar s. Madalla. Sake faɗa: lambar s.

Hajiya mai abinci, ke ma da ke nake, ko da ba kya shiga ruwa. Rumfarki a kan yashi take. A watan Agusta na 2012 teku ta hau gaɓar Kuramo, ta kwashe rumfuna, aka yi asarar rayuka. Allah ya jiƙansu.

Har yanzu akwai masu zuwa aji suna ce mini, "Malam, ai sama babu hadari." Haba jama'a! Sau nawa za a faɗa? Sama daban, teku daban. Wanda bai karanta lambar s ba, bai karanta komai ba. Koma ka ɗora yatsa a kanta.

Aiki: Kwafi lambobin yau a littafinka, ka ja layi ƙarƙashin mai s.

Darasi na 2: Hadari da tsawa

Wannan kun san shi tun daga gida. A farkon damina da ƙarshenta hadari mai iska yakan taso daga gabas, kuma ba ya jira. Saurari sanarwar hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, wato NiMet, a rediyo da safe. Idan ka ga walƙiya, fara ƙirge har ka ji tsawa. Kowane sakan 3 kimanin kilomita 1 ne. In ba ka kai 30 ba ka ji ta, fita daga ruwa, bar fili, shiga gini.

Darasi na 3: Cika da janyewa

Teku tana cika sau biyu, tana janyewa sau biyu a kwana guda. Cikar ta fi yawa a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Idan babbar cika ta haɗu da babbar lambar s, ja kayanka da dokinka baya.

Darasi na 4: Ruwa mai ja

Idan ruwa ya ja ka ciki, kada ka yi kokawa da shi. Yi iyo ta gefe, ka ɗaga hannu a gan ka. Lambar neman agaji a Legas ita ce 112 ko 767. A rubuta ta a bangon littafi kafin zama na gaba.