Babi na Bakwai: Shin Zubar da Jini Ya Ragu a Tarihin Duniya?

Darasi na ɗaya

Iyayena da 'yan'uwana, a wannan babi za mu yi amfani da ninkawa da rabawa da muka koya domin mu duba tambayar da masana tarihi suka daɗe suna muhawara a kanta, wato ko kashe-kashe tsakanin 'yan Adam sun ragu ko sun ƙaru. Kowa ya buɗe sabon shafi, ya ja layi daga sama zuwa ƙasa. A hagu a rubuta "waɗanda aka kashe", a dama a rubuta "yawan jama'a". Duk lambar da ta shiga hagu sai an nemo mata abokiyarta a dama kafin a ce komai a kanta.

Dalili kuwa shi ne, a wajen shekarar 1800 mutanen duniya kimanin biliyan 1 ne, amma a watan Nuwamba na 2022 sun kai biliyan 8. Biliyan ɗaya tana nufin miliyan dubu, ana rubuta ta da 1 da sifili tara a gabanta. Inda mutane suka ninku haka, adadin waɗanda ake kashewa yana iya ƙaruwa alhali haɗarin da ke kan kowane mutum guda yana raguwa.

Ga misali na aji kawai. A ce gari na farko yana da mutum 10,000, an kashe 5 a shekara, gari na biyu kuma yana da mutum 1,000,000, an kashe 100. Da yawanku za ku nuna gari na biyu, domin 100 ya fi 5. Ku dakata. Ku ninka 5 sau 100,000, zai ba ku 500,000, sannan ku raba da yawan jama'a, wato 10,000, amsa 50. Ku ninka 100 sau 100,000, zai ba ku 10,000,000, ku raba da 1,000,000, amsa 10. Ashe garin farko ya ninka na biyu haɗari sau biyar. Wanda sifili suka rikita shi, ya soke ɗaya a sama ya soke ɗaya a ƙasa, a hankali, har su ƙare a gefe guda. Babu kunya a maimaitawa, kuma wanda bai samu 50 da 10 ba ya sake daga farko: a ninka da 100,000, a raba da yawan jama'a.

Darasi na biyu

Manuel Eisner, masani a jami'ar Kambirij da ke Ingila, ya tattara tsofaffin takardun kotuna na ƙasashen yammacin Turai, ya gano cewa a ƙarni na 13 da na 14 ana kashe mutum wajen 20 zuwa 40 cikin kowane 100,000 a shekara, yau kuwa a waɗannan ƙasashe abin bai wuce mutum 1 ba, ko kusa da haka. Ku lura da kalmomin "cikin kowane 100,000". Idan kun gan su, an riga an yi muku rabawar, kada ku sake ta. Idan ba ku gan su ba, aikin yana kanku.

Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da manyan laifuka ya ƙiyasta cewa an yi wa mutum kimanin 458,000 kisan kai a duniya a 2021. Wannan lamba ta hagu ce. Abokiyarta ta dama ita ce biliyan 7.9. A ninka da 100,000, a raba da yawan jama'a, za a samu kusan 6. Madalla da wanda ya samu, wanda bai samu ba kuma ya ƙirga sifilinsa.

Darasi na uku

A nan ne aka fi ɓata mini rai. Da zarar an ambaci Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945, aka ce ya ci rayuka tsakanin miliyan 50 zuwa 85, sai kowa ya ajiye fensir ya ce ai magana ta ƙare, zamaninmu ya fi kowane zamani muni. Haba jama'a! Ina layin da muka ja? Ba yanzu muka gama cewa lambar hagu ba ta tafiya ita kaɗai ba? Mutanen duniya a lokacin kimanin biliyan 2.3 ne, wanda ya raba zai ga an rasa kusan mutum 3 cikin kowane 100. Wannan asara ce mai girma ƙwarai, rabawa ba ta rage mata nauyi, tana ba mu damar kwatanta ta da wata ne kawai.

Akwai wani kuskuren kuma, wato a raba yaƙi ɗaya da jama'ar duniya, a raba wani da jama'ar ƙasa guda, sannan a jera su. Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, ya hallaka aƙalla mutum 1 cikin 5 na ƙasashen Jamusawa, yawancinsu ta yunwa da annoba. Wanda zai kwatanta shi, sai ya nemo ƙasa irin Poland, wadda ta rasa kimanin mutum 1 cikin 6 a Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙasa da ƙasa, duniya da duniya. Ku rubuta wannan a saman shafi, tunda faɗa da baki ba ya zama muku.

Darasi na huɗu

Tsohuwar lamba tana bukatar taka-tsantsan. A ƙasar Sin, ƙidayar jama'a ta shekarar 755 ta nuna mutum kusan miliyan 53, ta 764 kuma, bayan tawayen wani janar ɗin soja mai suna An Lushan, ta nuna kusan miliyan 17. Bambancin ba duka mamata ba ne, domin da yawa sun yi gudun hijira, hukuma kuma ta rasa ikon ƙirga mutanen larduna masu yawa.

Darasi na biyar

A 2011, Steven Pinker, masanin halayyar ɗan Adam, ya ce tashin hankali ya ragu a tarihin duniya. Nassim Taleb kuwa, masanin lissafin haɗari, ya ce shekarun da suka biyo bayan 1945 sun yi kaɗan a yanke hukunci a kan yaƙi, domin babban yaƙi guda yana iya rushe lissafin. A ganina hujjar raguwa ta fi ƙarfi a kisan kai fiye da yaƙi.

Aikin gida: Poland tana da mutum kimanin miliyan 35 a 1939, ta rasa kimanin miliyan 6. A fitar da adadin cikin kowane 100,000, a nuna rabawar a rubuce.